Yadda ake raba ciyawa, tsakuwa da dusar ƙanƙara a jikin tsauni bisa tsayi a Terragen

Duk wanda ya fara ƙera tsaunuka a kwamfuta yakan tsaya a wuri ɗaya. Siffar ƙasa ta fito, kwari ya yi zurfi, ƙololuwa ta miƙe, amma launi guda ne ya lulluɓe komai tun daga gindi har sama. Tsaunin gaske ba haka yake ba. Iska tana ƙara sanyi yayin da ake hawa, kimanin digiri 6.5 na ma'aunin Salshiyos a kowace mita 1,000. Shi ya sa daji yake ƙarewa a wani tsayi, ciyawa ta ɗan ƙara gaba, tsakuwa da dutse zalla su karɓa, can sama kuma dusar ƙanƙara ta zauna.

Terragen, manhajar ƙera tsaunuka da filaye a kwamfuta, tana ba ka damar gaya wa kowane rufi daga mita nawa zai fara, a mita nawa zai tsaya. Rubuta lambobin ba wuya. Wahalar tana wajen hana iyakar fitowa a miƙe sambal, irin layin da ambaliya ke bari a jikin bango bayan ruwa ya janye. Ido yana gane wannan layin nan take, ko da mai kallon bai taɓa hawa tsauni ba. Hanyar da nake bi ita ce in auna ƙasar tukuna, in yanka iyakokin da kaifi don in ga inda suka faɗi, sannan in bi su ɗaya bayan ɗaya ina karya miƙewarsu da gangara da farfasawa.

Abubuwan da za ka tanada

- Manhajar Terragen ta kamfanin Planetside Software. A kan Terragen 4, wadda ta fito a 2016, na gina wannan bayani, amma shimfiɗar da za mu yi aiki da ita, wato rufin launi mai suna "Surface Layer", tana nan tun Terragen 2. Akwai nau'in kyauta ga wanda ba kasuwanci zai yi da ita ba. Yana taƙaita girman hoton da za ka fitar, amma saitin da muke buƙata duk yana ciki.
- Ƙasa mai tudu da kwari: ko wadda manhajar ke ƙirƙira da kanta, ko taswirar tsayi ta wani wuri na gaske. Bayanan SRTM, waɗanda kumbon Endeavour ya tattara a watan Fabrairu na 2000, kyauta ake samunsu, kuma kowane ɗigo a cikinsu yana wakiltar kusan mita 30. Idan taswirarka hoton baƙi da fari ce, nemi mai bit 16. Mai bit 8 matakai 256 kawai gare ta, don haka a tsauni mai mita 3,000 kowane mataki ya kusa mita 12, ƙasar za ta fito da matattakala, iyakokinka kuma su bi matattakalar.
- Hotuna biyu ko uku na irin tsaunin da kake son kwaikwaya, waɗanda aka ɗauka a lokaci ɗaya na shekara. Kada ka haɗa hoton hunturu da na lokacin zafi.
- Takarda da alƙalami don rubuta lambobi.
- Linzamin kwamfuta mai maɓallin dama. Allon shafa na kwamfutar cinya yana yi, sai dai zai gajiyar da kai wajen awo.

Rubutun da ke jikin manhajar da Turanci yake, saboda haka zan kawo sunan kowane maɓalli yadda za ka gan shi.

1. Auna ƙasar kafin ka taɓa launi

Lambobi uku kake nema: wuri mafi ƙasa cikin abin da kyamara ke gani, wuri mafi tsayi, da tsayin ruwa idan akwai tafki ko kogi. Terragen da mita take awo. Kai linzami kan kowane wuri a tagar dubawa, wato inda manhajar ke nuna maka ƙasar yayin da kake aiki, za ka ga tsayinsa da gangararsa sun bayyana a gefen tagar. Idan ka danna maɓallin dama a wurin, akwai umarnin "Copy Altitude" da zai kwafe maka lambar. Ka bar tagar ta gama zana ƙasar kafin ka karanta, domin da zane na sama-sama take farawa, lambar farko ba abin dogaro ba ce.

Sabon shiga yakan ɗauka gindin tsauni sifili ne. Sau da yawa ba haka ba ne. Ƙasar da manhajar ta ƙirƙira tana iya nutsawa ƙasa da sifili, taswirar gaske kuma tana iya farawa daga mita 900 ko sama da haka. Wanda ya sa wa ciyawa iyakar mita 500 a irin wannan ƙasa zai yi ta neman ciyawarsa bai gan ta ba, alhali saitin lafiya lau yake, wurin ne babu.

Misalin da za mu bi har ƙarshe: kwari a mita 900, tafki a 950, ƙololuwa a 3,400.

2. Tsara jadawalinka a takarda

Iyakokin sun dogara da inda tsaunin yake a duniya. A tsaunukan Alps na Turai bishiyoyi sukan ƙare tsakanin mita 1,800 da 2,200, dusar da ba ta narkewa ko a lokacin zafi kuma tana farawa wajen mita 2,800 zuwa 3,000. A Kilimanjaro, mai tsayin mita 5,895 kusa da layin da ya raba duniya arewa da kudu, daji yana hawa har kusan mita 3,000, ƙanƙara kuwa sai dab da ƙololuwa. A arewacin Norway bishiyoyi ba sa kai ko mita 1,000. Zaɓi yanki ɗaya ka tsaya a kansa.

Ga jadawalin misalinmu, irin na Alps a farkon lokacin zafi:

- Dutse: ko'ina, babu iyaka.
- Ciyawa: daga ƙasa zuwa 2,400.
- Tsakuwa da ɓaraguzan dutse: 2,000 zuwa 3,000.
- Dusar ƙanƙara: daga 2,700 zuwa sama.
- Laka da yashin gaɓa: zuwa mita 953.
- Bishiyoyi: 955 zuwa 2,100.

Lura cewa iyakokin suna shiga juna. Da gangan ne. Tsakuwa tana farawa tun ciyawa ba ta ƙare ba, tana kuma ci gaba bayan dusa ta fara.

Idan ƙasarka gajera ce, a ce daga sifili zuwa mita 800, amma kana son ta yi kama da babban tsauni, abin da ya fi shi ne ka ɗaga ƙasar kanta zuwa girman gaske, domin hazo da gajimare a Terragen da awon gaske suke aiki. In hakan bai yiwu ba, yi lissafin kaso. A misalinmu tazarar ƙasa zuwa sama mita 2,500 ce. Iyakar bishiyoyi tana mita 1,200 sama da kwari, wato kashi 48 cikin 100. Dusa tana mita 1,800 sama da kwari, kashi 72. A ƙasa mai mita 800 waɗannan sun zama 384 da 576.

3. Jera shimfiɗu

Shiga sashen "Shaders". Za ka tarar da "Base colours", wanda shi ne launin tushe. Mai da shi launin dutse, toka-toka ko ruwan ƙasa mai duhu. Duk inda sauran shimfiɗu suka ƙi zama, shi zai leƙo, shi ya sa ba a sa masa iyaka.

Danna "Add Layer" ka zaɓi "Surface Layer", sau huɗu. Raɗa musu suna nan take: ciyawa, tsakuwa, dusa, gaɓa. A jerin, wadda take ƙasa ita ke rufe ta samanta, don haka dusa ta zo bayan tsakuwa, tsakuwa bayan ciyawa.

Wajen launi, rage hannu. Hasken rana a manhajar yana da ƙarfi, koren da ya yi kyau a akwatin zaɓen launi yakan fito da ƙyalli a hoto. Ciyawa ta tsaya wajen 0.1 zuwa 0.2 a haske, dusa wajen 0.8. Idan ka kai dusa 1, inuwar da ke nuna tudunta da kwarinta za ta ƙone ta ɓace.

4. Yanka iyaka da kaifi

Buɗe shimfiɗar ciyawa. Kunna "Enable test colour", wanda zai shafa mata launi mai ɗaukar ido na wucin gadi. Idan nau'inka ba shi da wannan, ba ta ja ko shuɗi mai ƙarfi da hannunka, daga baya ka mayar. Kai "Coverage", wato yawan rufi, zuwa 1, ka kashe "Fractal breakup" na ɗan lokaci.

Je shafin "Altitude constraints". Sa alama a "Limit maximum altitude", rubuta 2400 a "Maximum altitude", ka mai da "Max alt fuzzy zone" sifili. Kada ka manta da alamar. Lambar tana nan a rubuce ko an kunna ko ba a kunna ba, kuma da yawa daga cikin masu cewa iyakarsu ta ƙi aiki akwatin alamar ne ba su taɓa ba.

Yanzu za ka ga layi mai kaifi ya zagaye tsaunin. Mummuna ne, amma shi kake so a wannan mataki, domin yana nuna maka ainihin inda mita 2,400 take a hotonka. Duba ta idon kyamarar da za ka fitar da hoto da ita. Wataƙila layin ya faɗi bayan wani tudu ba a ganinsa, ko ya raba hoton gida biyu daidai wa daida, abin da ba ya daɗin kallo. Matsar da shi mita 100 ko 200 yanzu, tun babu abin da ya dogara da shi.

Yi wa dusa haka da "Limit minimum altitude" a 2700. Tsakuwa kuma ka kunna mata iyakokin biyu.

5. Buɗe zangon dusashewa

Abin da manhajar ke kira "fuzzy zone" shi ne zangon da shimfiɗa take raguwa a hankali har ta ƙare. Da mita ake auna shi, kuma cikin yankin shimfiɗar yake ci. Dusa mai iyakar ƙasa 2,700 da zango 300 za ta fara leƙowa a 2,700, ba za ta cika ba sai wajen 3,000. Ciyawa mai iyakar sama 2,400 da zango 400 tana cike har 2,000, daga nan ta riƙa sirancewa.

Wannan ne ya sa ake ganin shimfiɗa ta yi kamar ta ja baya da zarar an buɗe zangon. Idan kana son tsakiyar sauyin ya faɗi inda layinka mai kaifi yake, tura iyakar waje da rabin zangon.

Shimfiɗa mai iyaka biyu tana da tarko. Tsakuwarmu faɗinta mita 1,000 ne. Idan ka ba kowane gefe zangon mita 600, zangunan za su haɗu a tsakiya, tsakuwar ba za ta cika a ko'ina ba, sai ta fito fayau. Jimillar zangunan biyu kada ta wuce faɗin yankin. Mita 250 a kowane gefe ya wadatar.

Faɗin zangon ba ɗaya ba ne ga kowa. Ciyawa tana son mai faɗi. Gaɓar ruwa tana son mita 1 ko 2 kacal. Dusa kuwa a zahiri ba ta dusashewa: wuri ko akwai dusa ko babu, gefenta yana da kaifi, sai dai a yayyage yake. Zango mai faɗi shi kaɗai zai ba ka toka-toka mai hazo tsakanin fari da dutse, abin da babu shi a kowane tsauni. Mataki na 7 ne zai mai da wannan hazon ya zama faci-faci.

6. Shigo da gangara

A ganina nan ne hoto yake tashi daga zane ya fara kama da wuri. Tsayi yana faɗin inda abu zai iya rayuwa, gangara tana faɗin inda zai iya zama bai zame ba. Ɓaraguzan dutse sukan tsaya a gangarar da ba ta wuce kusan digiri 35 ba, fiye da haka sai su gangaro. Dusa tana zaftarewa mafi yawa tsakanin digiri 30 da 45, kuma ba ta taruwa sosai a bangon da ya wuce 55 zuwa 60. Ƙasa mai ɗaukar ciyawa takan yi wuya bayan digiri 40.

A shafin "Slope constraints" kunna "Limit maximum slope" ka sa:

- Ciyawa: 40, zango 10.
- Tsakuwa: 37, zango 6. Ƙara mata iyakar ƙasa ta digiri 15, don ta taru a gindin bangaye ta bar shimfiɗaɗɗun wurare.
- Dusa: 55, zango 10.

Dubi tagar yanzu. Layin dusa ya daina zagaye tsaunin a jere. Inda bango ya miƙe, dutse baƙi ya keto ta cikin farin har ƙololuwa. Inda kafaɗar tsauni ta kwanta, farin ya sauko har iyakarsa. Ciyawa ma ta bar bangayen kwari tsirara tun a mita 1,200, wurin da tsayi kaɗai da ya rufe shi da kore.

Akwai zaɓin "Slope key" da ya kamata ka fahimta. "Final normal" yana duba gangarar kowane ɗan ƙaramin tudu bayan an gama kumbura ƙasa, don haka a ƙasa mai kaushi yakan ba ka ɗige-ɗige barkatai. "Terrain normal" yana ɗaukar gangarar da tubalin "Compute terrain" ya lissafa (tubali shi ne akwatin aiki da ake jonawa da wasu ta igiya a sashen "Node Network"), wadda aka daidaita a kan faɗin da ke cikin "Gradient patch size", mita 20 in ba ka canza ba. Wannan yana ba da manyan faci masu santsin gefe. Ga dusa da ciyawa a tsaunin nesa, na biyun nake zaɓa. Ga gansakuka ko ƙura a kan duwatsun da ke gaban kyamara, na farkon.

"Altitude key" ma haka yake: "Final position" yana auna tsayi bayan duk kumburin da aka ƙara, ɗayan zaɓin kuma yana auna shi yadda yake a "Compute terrain". Idan ka ƙara manyan duwatsu masu mita 30 ko 40 bayan wannan tubali, bambancin zai fito fili, musamman a gaɓar ruwa.

7. Farfasa gefen

Koma ka kunna "Fractal breakup". Kowace shimfiɗa tana da nata tubalin farfasawa, wanda ke yayyaga ta a wuraren da ba ta cika ba. Idan yawan rufi yana 1, a zangunan dusashewa kaɗai za ka ga aikinsa. Idan ka sauke shi zuwa 0.8 ko 0.7, ramuka za su buɗe a ko'ina cikin shimfiɗar, dutse ya riƙa leƙowa. Ciyawa da tsakuwa suna amfana da wannan. Dusar ƙololuwa a bar ta a 1.

Buɗe tubalin farfasawar ka duba ma'aunansa uku. "Feature scale" shi ne girman facin da ya fi yawa, "Lead-in scale" mafi girma, "Smallest scale" mafi ƙanƙanta, duk da mita. Kuskuren da aka fi yi shi ne barin su ƙanana. Facin mita 1 ba a ganinsa a tsaunin da ke nesa da kilomita 5, yana narkewa ya koma hazon nan da muke gudu. Ga dusar misalinmu fara da 80 a na farko, 1,000 a na biyu, 0.5 a na uku. Babban ma'aunin shi ke sa layin ya sauka a wannan kwari ya hau a wancan, matsakaicin yana yanka faci, ƙaramin yana ba gefen kaushi idan an matso.

Idan gefen bai yi kaifi ba, ƙara ƙarfin farfasawar a shimfiɗar, ko ka ƙara bambancin baƙi da fari a cikin tubalin. Idan siffar facin ce ba ta yi maka ba, danna "Random Seed" har ka sami wadda ta dace. Ka tabbata kowace shimfiɗa da nata iri, wato lambar "Seed", in ba haka ba ramukan ciyawa da na tsakuwa za su faɗi wuri ɗaya.

8. Ba dusa jiki da gefen inuwa

Dusa ba fenti ba ce, tana cike ramuka ta bar tudu. A shafin "Effects" kunna "Intersect underlying" ka zaɓi "Favour depressions". Za ta fi taruwa a kwazazzabai da tsagogi, duwatsu su ɗago kai ta cikinta. Haɗa shi da "Smoothing effect" don samanta ya yi santsi. Wannan saiti da abin da aka ƙara bayan "Compute terrain" yake aiki, saboda haka idan babu wani kaushi da ka sa a shimfiɗun da suka gabace ta, ba za ka ga bambanci sosai ba. Taɓa lambobinsa kaɗan-kaɗan, domin babbar lamba tana iya kumbura ƙasar ta ɓata siffar tsaunin.

A arewacin duniya gefen tsauni mai fuskantar arewa ya fi samun inuwa, dusa tana daɗewa a can tana kuma saukowa ƙasa. A kudancin duniya akasin haka ne. Don kwaikwayon wannan, kwafi shimfiɗar dusa, sauke iyakar kwafin zuwa 2,400, sannan ka tace ta da "Mask by shader". Matacin hoto ne na baƙi da fari: inda fari shimfiɗa ta fito, inda baƙi ta ɓuya. Hanya mafi sauƙi ita ce "Painted shader", ka shafa farin da hannunka a kwarurukan da ke cikin inuwa. Mai son lissafi zai iya jona "Get normal" zuwa "Z to scalar" zuwa "Clamp 0 1 scalar", wanda zai haskaka gefe ɗaya na kowane tudu. In ya haskaka gefen rana, saka "Negate scalar" a tsakanin na biyu da na uku.

9. Gaɓa, 'ya'yan shimfiɗa da bishiyoyi

Gaɓa aikin minti biyu ce: iyakar sama mita 953, zango 2, launi mai duhu na jiƙaƙƙiyar ƙasa. Duk ranar da ka canza "Water level" na tafkin, ka tuna ka canza ta, ba sa bin juna da kansu.

Idan kana son busasshiyar ciyawa a sama da kore shar a kwari, kada ka ƙirƙiri sabuwar shimfiɗa mai zaman kanta. Sa ta a matsayin 'yar shimfiɗar ciyawa ta mashigar "Child layers". 'Ya ba ta fitowa sai inda uwarta take, don haka ta gaji duk iyakokin gangara da farfasawa, kai dai ka ba ta iyakar ƙasa ta 1,700 da zango mai faɗi. Tsayin da za ka rubuta mata na ƙasar ne gaba ɗaya, ba daga gindin uwar ake ƙirgawa ba. 'Yar da aka ba 2,600 alhali uwar ta ƙare a 2,400 ba za ta taɓa bayyana ba.

Bishiyoyi da "Distribution shader v4" ake iyakance su. Shafukan tsayi da gangararsa irin waɗanda ka saba da su ne, sai dai baƙi da fari yake fitarwa. Sa masa 955 zuwa 2,100, gangara kada ta wuce 35, zangon sama mita 300. A saitin tarin bishiyoyin, wato "Population", kunna "Use density shader" ka jona shi, sannan ka danna "Populate Now". A cikin zangon bishiyoyin za su riƙa yin ƙaranci har su ƙare. A tsaunin gaske bishiyoyin da ke bakin iyaka gajeru ne, iska da sanyi sun tanƙwara su, don haka tari na biyu na ƙananan bishiyoyi tsakanin 1,900 da 2,200 yana ƙara wa wurin gaskiya ƙwarai.

10. Gwada da ƙaramin hoto

Kashe launukan gwaji. Tagar dubawa ba ta nuna ƙananan kaushi, don haka kada ka yanke hukunci da ita. Fitar da ƙaramin hoto, ko ka yi amfani da "Crop region" ka yanki wurin da dusa ta haɗu da dutse, a ingancin da za ka yi hoton ƙarshe da shi. Iyakokin da suka dogara da "Final normal" sukan canza kama idan inganci ya canza. Canza abu ɗaya, fitar, duba, sannan na gaba.

Dubi tsaunukan nesa da kyau. Idan na kusa suna da dusa, na can baya masu tsayi ɗaya ba su da ita, duba ko "Use Y for altitude" a kunne yake. Terragen a kan dunƙulalliyar duniya take gina komai, mai nisan kilomita 6,378 daga tsakiya zuwa fuska. A ƙa'ida daga fuskar duniyar ake auna tsayi. Wannan zaɓi yana sa a auna shi a miƙe daga tsakiyar filin aiki, ƙasa kuwa tana lanƙwasawa tana yin ƙasa yayin da ake nisa: kusan mita 8 a kilomita 10, mita 196 a kilomita 50, mita 784 a kilomita 100. Tsauni mai mita 3,400 a nisan kilomita 100 zai zama kamar 2,616 a wannan awo, ƙasa da iyakar dusarmu. Bar shi a kashe sai in kan wani abu guda kake shimfiɗa launi, kamar dutse ko gini da ka shigo da shi.

Shimfiɗar da ta ƙi fitowa sam, bi ta da wannan tsari: kunna launin gwaji, kashe iyakokin tsayi da na gangara duka, kashe mataci. In ta fito, mayar da su ɗaya-ɗaya har ka kama mai laifin. In ba ta fito ba, ko wata shimfiɗa a ƙasanta ta rufe ta, ko igiyarta ba ta isa tubalin duniyar ba a sashen "Node Network". Ka kuma duba ko iyakar ƙasa ta fi ta sama girma, yana faruwa idan an yi kwafi.

Idan ba ka da Terragen

Blender kyauta ce, kuma tana yin wannan aiki, sai dai da hannunka za ka haɗa tubalan. A can Z ne sama, ba Y ba kamar a Terragen. Ɗauki "Position" daga tubalin "Geometry", wuce da shi ta "Separate XYZ", ka kai Z cikin "Map Range". Sa 2700 a "From Min", 3000 a "From Max": ka sami iyaka da zangonta a tubali guda. Don farfasawa, ɗauki "Noise Texture" da aka jona da "Position", a ma'aunin 0.002 idan ƙasarka da mitar gaske take, cire 0.5 daga abin da ya fitar, ninka da 400, ka tara da Z kafin ya shiga "Map Range". Layin zai riƙa hawa da sauka. Matse tazarar "Map Range" ɗin daga baya don gefen ya yi kaifi.

Gangara daga "Normal" na tubalin "Geometry" ake samunta, ita ma Z ɗinta. Shimfiɗaɗɗen wuri 1 ne, miƙaƙƙen bango sifili. Digiri 30 ya yi daidai da 0.87, digiri 45 da 0.71, digiri 55 da 0.57, digiri 60 da 0.5. Wuce da ita ta wani "Map Range" daga 0.57 zuwa 0.71, ninka sakamakon da na tsayi, ka kai shi mashigar "Fac" (ko "Factor") ta "Mix Shader" tsakanin dutse da dusa. Masu aiki da World Machine suna da "Select Height" da "Select Slope", waɗanda ke fitar da matatan baƙi da fari da za ka iya kai wa kowace manhaja.

Ajiye saitin don wani aikin

A "Node Network" zaɓi shimfiɗun tare da tubalan farfasawarsu, ka adana su da "Save Nodes as Clip File". Fayil mai ƙarshen .tgc zai fito, wanda "Insert Clip File" ke shigo da shi cikin kowane sabon aiki. A sabuwar ƙasa koma mataki na 1 ka sake awo, ka canza lambobin tsayi da zangunansu. Lambobin gangara ka bar su yadda suke, tunda tsakuwa a digiri 35 take tsayawa a kowane tsauni. Ma'aunan farfasawa kuwa ka ƙara ko ka rage su gwargwadon nisan kyamara daga tsaunin.